Abin da ke Isar da Lantarki da Abin da ke Tare Shi

Tocilar da ake saye a kasuwa ta isa misali. A cikinta akwai batir, da ƙwan fitila, da ɗan siririn ƙarfe, da makunni. Ƙwan ba ya kamawa sai lantarki ya fita daga wannan kai na batir, ya ratsa ƙwan, ya komo ta ɗaya kan. Wannan shi ake kira zagaye. In an cusa takarda tsakanin batir da ƙarfen, fitila ta mutu, don takarda ba ta ba lantarki hanya.

Dalili kuwa shi ne, a cikin ƙarfe akwai ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ake kira ilektaron, waɗanda ke yawo a sake. A cikin roba da gilashi da tangaran kuwa, a ɗaure suke. Azurfa ta fi kowane ƙarfe isar da lantarki, amma tsadarta ta sa aka koma ga jan ƙarfe da alminiyum.

An gano wannan bambanci ne bisa kuskure. A shekarar 1729, wani Bature a Ingila mai suna Stephen Gray ya aika da lantarki ta cikin doguwar igiya wadda aka rataye da zaren siliki. Shi a zatonsa sirantar zaren ce ta hana lantarki zurarewa. Da silikin ya tsinke, sai aka musanya shi da siririyar wayar ƙarfe, nan take lantarkin ya ɓace. Ashe asirin yana ga irin abin, ba ga kaurinsa ba.

Har wa yau, babu mai tare lantarki da ba ya iya gazawa, kuma nan ne haɗarin yake. Busasshen itace yana tarewa, amma in ya jiƙe sai ya zama hanya, domin gishirin da ke narke cikin ruwa yana ɗaukar lantarki. Haka jikin ɗan Adam yake. Batir mai bolt 1.5 ba ya cutar da kowa, amma wutar gida, mai bolt 230 ko kusa da haka, tana kashe mutumin da ya taɓa tsirarar waya da jiƙaƙƙen hannu, ƙafarsa a ƙasa, watau shi ne ya cika zagayen. Tsuntsun da ke kan wayar titi kuwa ya tsira, don waya ɗaya kaɗai ya taka, bai taɓa ƙasa ko wata wayar ba.