Daga Rigatar Yauri zuwa Formula 1: matuƙi ne ke cin tsere ko masu jiransa a tasha?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Kwara a Yauri ranar Rigata ya san cewa babu abin ɓoyewa a tseren kwale-kwale. Jiragen suna jere a gaban idon kowa, matuƙa na riƙe da filafilansu. Idan aka sake su, wanda ya fi ƙarfin dantse da haɗin kai da sanin ruwa shi ke riga isa. Ba a jiran wani ya zo ya yi wa 'yan kallo bayanin yadda aka yi nasara.

A tseren motoci na Formula 1, wanda matasa da dama ke bibiyar gutsuttsarinsa a wayoyinsu, lamarin ya sha bamban. Sau da yawa direba kan ci tsere ba tare da an ga ya wuce babban abokin karawarsa a kan titi ba. A rumfar makanikai ake wucewar, lokacin canjin taya, bisa lissafin injiniyoyin da ke zaune gaban kwamfuta. Wannan ne ya sa aka shafe shekaru ana musu a kan ko gwanintar direba ce ake kallo, ko kuwa dabarar tsayawa da na'urorin da ke taya shi tuƙi.

Tambayar ba baƙuwa ba ce a gaɓar Tafkin Kainji, ko da yake a nan ba kofi kaɗai ake rasawa ba.

Daƙiƙa biyu a rumfar makanikai

Tun daga 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tseren Formula 1. Abin da ya rage shi ne canjin taya, kuma doka ta tilasta wa kowane direba amfani da aƙalla nau'in taya biyu idan titi a bushe yake. Taya mai laushi ta fi kama titi amma tana saurin cinyewa, mai tauri kuma ta fi daɗewa amma ba ta kai waccan gudu ba.

Mutum kusan 20 ne ke rufar wa motar idan ta tsaya. A gasar Katar ta 2023 makanikan McLaren sun canza wa Lando Norris tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80, suka karya tarihin daƙiƙa 1.82 da Red Bull ta kafa a Brazil a 2019. Sai dai shiga layin rumfar da fitowa daga cikinsa, inda aka ƙayyade gudu, kan ci wa direba daƙiƙa 20 ko fiye. Saboda haka babban lissafin shi ne a wane zagaye za a shigo, kuma sau nawa.

Dabarar da aka fi sani ita ce riga abokin karawa shiga. Kana bayansa ka kasa wuce shi, sai ka shiga ka sa sabuwar taya, ka yi zagaye ɗaya ko biyu da matsanancin gudu yayin da shi yake fama da tsohuwa. Kafin ya shiga ya fito, ka riga ka sha gabansa.

A gasar Faransa ta 2004, Fernando Alonso ne ya tashi a sahun farko, Michael Schumacher na biye. Tawagar Ferrari ƙarƙashin Ross Brawn ta sa Schumacher ya tsaya sau huɗu maimakon uku, domin ya riƙa gudu da mota mara nauyin mai, a kan titin da babu kowa a gabansa. Ya ci tseren. Masu cewa lissafi ne ke cin tsere suna yawan kawo wannan misali, amma suna mantawa da cewa dabarar ba za ta yi aiki ba sai da direban da zai iya maimaita gudun ƙarshen iyawarsa zagaye bayan zagaye ba tare da ya kauce ba.

Shekara shida bayan haka Ferrari ɗin ce lissafi ya kayar. A tseren ƙarshe na 2010 a Abu Dhabi, Alonso ne ke kan gaba a maki. Tawagarsa ta kira shi da wuri don ya tsare Mark Webber, sai ya fito ya tarar da kansa a bayan Vitaly Petrov na Renault. Ya shafe kusan zagaye 40 yana neman hanyar wucewa bai samu ba, ya ƙare na bakwai, Sebastian Vettel ya ɗauki kambun duniya.

Na'urorin da aka yi ta sakawa ana cirewa

A shekarar da ta biyo baya, 2011, aka kawo DRS, wata 'yar ƙofa a fiffiken bayan mota da direba ke buɗewa idan tazararsa da na gabansa ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Iska ta rage riƙe shi, sai ya samu ƙarin gudu a miƙaƙƙen titi. Wuce juna ya ƙaru, amma masu suka suka ce wucewa ce irin ta babbar hanya, wadda na gaba ba shi da yadda zai kare kansa. Dokokin 2026 sun yi watsi da ita, aka koma ga fiffike masu motsi da ƙarin ƙarfin lantarki.

Rigimar ta girmi DRS. A 1992 motar Williams tana da kwamfutar da ke daidaita tsayinta daga ƙasa a kowace kwana, da na'urar da ke hana tayoyin baya murzawa a banza idan direba ya taka totur da yawa. Nigel Mansell ya ci tsere 9 cikin 16 a wannan shekara. Hukumar FIA ta haramta irin waɗannan na'urori daga 1994, ta sake halatta mai hana murzawar taya a 2001 saboda ta kasa tabbatar da cewa ba a amfani da ita a ɓoye, sannan ta sake haramta ta a 2008.

A ganina tseren da ya fi warware musun shi ne na Donington a Ingila, a watan Afrilun 1993, cikin ruwan sama. Ayrton Senna ya faɗo na biyar bayan tashi, amma kafin a gama zagayen farko ya wuce motoci huɗu ya hau gaba. Alain Prost, wanda motarsa ta Williams ta fi ta kowa na'urori, ya shiga canjin taya har sau bakwai yana bin sauyin sama, ya ƙare na uku. Motar Senna ma tana da na'urar hana murzawar taya. Abin da ya bambanta su shi ne iya karanta jiƙaƙƙen titi, da sanin lokacin da ya kamata a haƙura da tayar da ake kai.

Akwai kuma ranakun da babu komai. A Monako a 2024 an tsayar da tsere tun zagayen farko saboda hatsari, kowa ya canza taya a lokacin, goma na farko suka ƙare daidai yadda suka tashi. A 2025 aka tilasta tsayawa sau biyu a can don a tayar da ƙura, sai wasu tawagogi suka sa direbansu ɗaya ya riƙa jan jiki yana tare na baya domin ɗan'uwansa ya samu sararin shiga rumfa.

Ruwan da ya haɗiye itatuwa

Jihar Kebbi ta san tseren mota, domin an daɗe ana haɗa shi da bikin kamun kifi na Argungu. A watan Maris na 2020 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta shirya tafiyar motocin da aka haɗa a Najeriya daga Abuja zuwa Argungu. Amma a masarautar Yauri ruwa ne filin tsere.

Sunan Rigata ya samo asali ne daga kalmar Turanci ta tseren jirage, al'adar kuwa ta girmi zuwan Turawa. Tarihin da ake bayarwa a Yauri ya danganta ta da jaruman Gungawa, mazauna tsibirai, waɗanda ke fita cikin jirage su fafata da dorinar da ke ɓarna a gonaki. Bayan an hana farautar dorina, sai abin ya koma wasan nuna bajinta da ake yi wa manyan baƙi. A zamanin Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya zama biki na shekara-shekara.

Ko a wannan tsere da ake gani ƙarfi ne zalla, akwai lissafin da ake yi tun a tudu. Jirgi mai siririn ciki ya fi yanka ruwa, amma ya fi saurin kifewa. Ƙara matuƙa na ƙara ƙarfi, yana kuma ƙara nauyi. Na zaune a baya shi ke riƙe hanya, shi ya san cewa ruwa ya fi gudu a tsakiyar kogi da wajen kwana, ya fi lafawa kusa da gaɓa. Idan ya zaɓi layi mara kyau, ƙarfin na gabansa ya tafi a banza.

Ranar biki ke nan. Sauran ranakun shekara, jiragen da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Yauri da Warra da Malale a Jihar Neja injin bayan jirgi ne ke tura su. Injin ya taƙaita tafiya, ya ba da damar ɗaukar kaya masu yawa, ya kuma sa wanda bai shekara yana koyon filafili ba zai iya riƙe jirgi. Shi ne na'urar taimakon tuƙi ta wannan yanki, kuma babu mai neman a haramta shi.

Matsalar ita ce inji ba ya ganin ƙarƙashin ruwa. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, aka tashi mutum kusan 44,000 daga matsugunansu, ruwa ya rufe tsohuwar Bussa da gonaki da dazuzzuka. Itatuwan da ba a sare ba suna nan a tsaye cikin tafkin. Ruwan kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: akwai cikar damina, akwai cika ta biyu da ke isowa lokacin sanyi daga can tsaunukan Gini, sannan ya yi ta ja da baya har damina ta kankama. Kututturen da jirgi ya bi ta kansa lafiya a Janairu yana iya tsaga cikinsa a Mayu. Mai filafili yana tafiya a hankali, idan ya taɓa itace zai ji. Mai inji da lodi yana zuwa da gudu da nauyi. Wannan ya sa sanin hanyar ruwa irin na Gungawa da Sarkawa ya ƙara tsada bayan zuwan inji, bai ragu ba.

Ranar Laraba 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ya nutse a kusa da Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski. Jami'an hukumar NIWA sun ce ya ɗauko mutum kusan 180 haɗe da babura, abin da ya zarce ƙarfinsa, kuma jirgin ya tsufa. Mutum 20 da 'yan kai kacal aka ceto da rai, aka kwashe kwanaki ana tsamo gawarwaki. Babu gwanintar matuƙin da za ta riƙe katakon da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. An yanke hukuncin wannan tafiya ne tun a tasha, lokacin da ake lodi.

A Formula 1 babu motar da ke barin rumfa sai an ba ta alamar cewa tayoyinta huɗu sun ɗauru, kuma tawagar da ta saki mota cikin ganganci tana shan hukunci nan take. A tashoshin Kainji ma akwai dokoki: NIWA ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, ta wajabta rigar kariya, hukumar HYPPADEC kuma ta sha raba rigunan ga al'ummomin gaɓa. Abin da ke da wuya shi ne ranar kasuwa da yamma, lokacin da jirgi ɗaya ya rage a tasha, fasinjoji na roƙo, mai jirgi na lissafin kuɗin man da ya saya, hadari kuma na haɗowa daga gabas. A lokacin ana buƙatar mutum guda a bakin ruwa da zai ƙirga kawuna, ya duba inda ruwa ya kai a jikin jirgi, ya ce sauran su kwana sai gobe, kuma a ji maganarsa.