Abin da ke sa hoton talabijin ta ƙarshen rumfa ya lalace

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo a Achika, ko Darki, ko cikin garin Wudil, ya san yadda ake rububin bencin gaba ranar wasan Arsenal ko Barcelona. Dikoda ɗaya ce, talabijin biyu ko uku, wani lokaci har da majigi. Ta kusa da dikoda hotonta tar, ta can ƙarshen rumfa kuwa dishi-dishi, ko ta riƙa ɗaukewa daidai lokacin bugun fanareti. Masu kallo su ce talabijin ta tsufa, mai gida ya ɗora wa hadari laifi. Sau da yawa laifin na doguwar wayar nan ce da aka ja ta bin azara, wadda ba wanda ke ɗaga kai ya dube ta.

Hoto a cikin waya wutar lantarki ce 'yar ƙarama mai sauyawa sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Tana raguwa a hanya kamar ruwan da mai lambu a bakin kogin Wudil ya kora ta doguwar hanyar ruwa: fangalin farko ya ƙoshi, na ƙarshe sai ɗan abin da ya saura. Amma ragin ba daidai yake ba. Sashen da ya fi saurin sauyawa shi ya fi shan wahala, kuma shi ne ke ɗauke da ƙananan abubuwa, irin lambar bayan rigar ɗan wasa da rubutun sakamako a kusurwar allo. Shi ya sa su ke fara dusashewa.

Haka abin yake a tsohon tsari, wato wayar nan mai kai rawaya da fari da ja, da kuma VGA mai shuɗin kai da IBM ya fito da ita a 1987, wadda har yau ake haɗa kwamfuta da majigi da ita a makarantu. Idan aka ga kowane ɗan wasa da inuwarsa a gefe, wani ɓangare na saƙon ne ya bugi mahaɗa marar kyau ya dawo, ya iso a makare. An ƙera waɗannan wayoyi a kan om 75, kuma duk inda aka yanke aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, an ɓata wannan ma'auni. Baƙin layin da ke hawa allo a hankali kuwa yawanci daga wuta yake. A raba wayar hoto da wayar janareta, a kuma jona dikoda da talabijin duka a layi ɗaya.

HDMI, wadda aka fitar da ƙa'idarta ta farko a ƙarshen 2002, halinta daban ne. Ba ta san dishi-dishi ba. Hoto zai tsaya garau har zuwa wani tsayi, sai fararen ɗigo su fara walƙiya, daga nan allo ya yi baƙi ƙirin. Wayar HDMI ta yau da kullum in ta wuce mita 10 zuwa 15 ba a cika dogara da ita ba. A nan akwai gyaran da ba ya cin ko sisi: a shiga saitin dikoda ko kwamfuta a sauke hoton daga 1080p zuwa 720p. Nauyin da wayar ke ɗauka ya ragu da rabi, kuma mai zama a benci na biyar da wuya ya ga bambanci. Danna rimot a ƙara haske ko kaifin hoto ba zai dawo da abin da ya zube a hanya ba.

In rumfar ta yi tsawo sosai, akwai 'yan akwatuna biyu da ake sawa, ɗaya a gindin dikoda ɗaya a gindin talabijin, a haɗa su da wayar intanet ta Cat6. Masu bin tsarin HDBaseT na 2010 suna kaiwa mita 100, masu araha ba sa kai haka. Wasunsu, musamman na VGA, suna da maɓallan murɗawa guda biyu. A fara da na ƙarfin saƙo har fari ya zama fari, sannan na kaifi har rubutu ya fito. In aka zarce, farin zane zai bayyana a gefen komai.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar kanta. Mutum zai zuba dubban nairori a talabijin, ya zo kan waya ya nemi mafi araha. Da yawa daga masu arahar nan alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. A kankare bakin da wuƙa tun a gaban mai shago, in fari ya bayyana a ciki a ajiye ta. Wayar da ta sauko daga dish ma tana da nata: ta cikinta dikoda ke aika wuta bolt 13 ko 18 zuwa kan dish, don haka in ruwan damina ya shiga mahaɗarta ta yi tsatsa, sai wasu tashoshi su ɓace wasu su tsaya. Kafin a hau kwano a karkata dish, a kwance wannan mahaɗa a duba, a yanke wajen da ya ci, a sa sabon kai a rufe shi yadda ruwa ba zai shiga ba.