Bincike Shi Ne Tushen Shirin Ilmi

Kafin Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da wani shirin ilmi, wajibi ne ta san yawan yaran da za a koyar, da malaman da ake da su, da kuma irin ma'aikatan da ƙasa ke bukata. Hanyar sanin waɗannan kuwa ita ce bincike.

A shekarar 1959 aka naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin shugabancin Sir Eric Ashby, don ya ƙiyasta ma'aikata masu zurfin ilmi da Nijeriya za ta bukata cikin shekara 20. Rahotonsa na 1960 ya ba da shawarar ƙara jami'o'i, kuma a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Ikko.

A 1969 aka yi babban taro a Ikko a kan manhajar makarantu, inda aka nuna cewa karatun da aka gada daga Turawa ya fi shirya yaro ga aikin ofis. Daga shawarwarin taron aka tsara Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta kawo tsarin 6-3-3-4. Nufinsa shi ne yaro ya fara koyon sana'a, kamar kafinta da aikin lantarki, tun a ƙaramar sakandare. Amma a makarantu da dama kayan aikin sun daɗe cikin akwatuna, saboda rashin ɗakunan aiki da ƙwararrun malamai.

Haka nan, da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a Satumba 1976, yaran da suka zo sun ɗara ƙiyasi ƙwarai, har aka yi ƙarancin azuzuwa da malamai. Wannan ya nuna cewa shiri ba ya miƙewa in ƙididdigar da aka gina shi a kai ta gurgunce.

Dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Don cika wannan alkawari, ana roƙon iyaye su yi wa 'ya'yansu rajistar haihuwa, shugabannin makarantu su riƙa ajiye rajista ta gaskiya, masu sana'o'i kuma su bayyana irin gwanintar da suke nema. Yaron da ba a ƙidaya ba, da wuya a tanadar masa benci, littafi ko malami.