Mari Ba Magani Ba Ne

Duk wanda ya ga hotunan da suka fito daga unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fasa wani gida suka fito da mutane fiye da 300, waɗansu ƙarfen mari ya ci musu naman idon sawu, waɗansu tabon bulala ya cika musu gadon baya, lalle ya san akwai azabar da ake yi wa laƙabi da gyaran tarbiyya. Kafin wata ya zagayo aka bankaɗo irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya, alhali galibi iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biyan kuɗi, suna zaton alheri.

A Janairun 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma haramta ɗaure majiyyaci da sarƙa. Amma haramci bai cika zama lafiya ba, domin wanda ya kasa rushe doka yakan nemi ya huda ta. Misali, a jihar Kentaki ta Amurka, Gwamna Andy Beshear ya hana a 2024 a yi wa yara abin da ake kira maganin sauya sha'awar jinsi, wanda ƙungiyoyin likitoci suka ce ba ya sauya kowa, sai dai ya gadar da baƙin ciki da tunanin hallaka kai. A 2025 majalisar jihar ta warware hanin.

Mu a Maiduguri, inda fitinar da ta ɓarke tun 2009 ta bar marayu da firgitattun zukata da matasan da ƙwaya ta kama, haƙiƙa mun fi kowa bukatar lura da wannan darasi. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa tunkuɗe mafsada yana gaba da jawo maslaha, kuma kowace irin fahimta mutum yake da ita game da halin ɗansa, babu hujjar da ta halatta masa miƙa shi ga mai sarƙa da bulala.

Saboda haka muna roƙon Majalisar Dokokin Borno ta ƙarfafa hanin ɗaure majiyyaci da sarƙa ba tare da togace kowane gida ba, iyaye kuma su kai marasa lafiyarsu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hanyar Baga, domin 'ya'ya amana ne da za a tambaye mu a kansu gobe ƙiyama.