Mota Mai Rufin Ƙarfe Mai Naɗewa: A Duba Rufi Kafin a Taya

Yau bayaninmu a kan wata irin mota ne wadda kan ja idon matasa a wuraren sayar da motocin hannu. Ita ce mai ƙofa biyu da kujera huɗu, wadda in an danna maɓalli sai rufinta na ƙarfe ya kakkarye, ya naɗe, ya shige but. Za mu ɗauki Volkswagen Eos ta zama misali. An ƙera ta a garin Palmela na ƙasar Fotugal daga 2006 zuwa 2015. 'Yan'uwanta su ne Peugeot 307 CC da 308 CC da Volvo C70.

Mu fara da alherinta. In rufi na rufe, tamkar kowace ƙaramar mota take. Ƙarar hanya ba ta damun na ciki kamar yadda takan yi a mai rufin tamfol, sanyin iyakwandishan yana zama, ɓarawo kuma ba ya sa wuƙa ya farke ta. Rana ba ta cinye ƙarfe yadda take cin tamfol. Rufin Eos gida biyar ne, har da tagar gilashi a sama mai zugewa ita kaɗai, ga wanda ke son iska kaɗan. Buɗe shi duka kamar sakan 25 ne. Bayan kujerun baya akwai ƙarafan tsaro a ɓoye, masu tasowa da kansu in mota za ta kife. Injinta da aka fi sani mai lita 2 ne da turbo, ƙarfin doki 200, kuma da yawa daga kayansa iri ɗaya ne da na Golf da Passat. Watau makanikin da ya san waɗannan ba zai rasa ta cewa ba.

Amma fa kyan ɗan maciji gare ta. Na farko, wuri. But ɗinta lita 380 ne in rufi na sama. Da zarar an naɗe shi sai ya koma 205, ko buhun shinkafa sai da dabara. Kujerun baya kuwa sunansu kujeru, amma babban mutum ba zai jure zama a kansu daga Kano zuwa Kaduna ba. Na yara ne.

Na biyu, nauyi. Motar da aka cire wa rufi dole a ƙara mata ƙarfe a ƙasa don kada bodi ya murɗe, ga famfo da sandunan haidirolik masu ɗaga rufin. Wannan nauyi mai yake sha.

Na uku, shi ne babba: yoyo da lalacewar rufin. Duk inda gida ya haɗu da gida akwai roba, kuma robar tana son a riƙa wanke ta ana shafa mata mai nata na musamman. In an bar ta, zafin rana ya busar da ita, ƙurar hunturu ta shiga, damina na zuwa sai ruwa ya sauka kan kafet, daga nan ya bi wayoyi. Na'ura ɗaya ƙanƙanuwa mai lura da motsin rufi in ta mutu, sai ya tsaya a tsakiya, ba buɗewa ba rufewa. Masu gyaransa ba su da yawa, kayansa kuma sai an yi oda, gama an daina ƙera motar. Su kansu kamfanonin sun janye: Volvo ta tsai da C70 a 2013, Peugeot ta tsai da 308 CC a 2015, BMW kuma da ta sabunta tata mai kujera huɗu a 2021 sai ta koma rufin yadi.

Don haka ne sau da yawa za ka ji kuɗinta ya sauko ƙasa da yadda kyanta ya nuna. Araha ba ta ado. Kafin ka taya, sa a tsai da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, a bar fili a bayanta, gama murfin but baya yake buɗewa. A buɗe rufi a rufe sau uku a gabanka, kana sauraro ko zai yi gardama. Sa'an nan a rufe, a kwarara mata ruwa da tiyo, ka shiga ka shafa kafet da ƙasan but. In ka ji danshi ko warin ruma, ka rage kuɗin gyara daga tayinka, ko ka haƙura. In dillali ya ce batir ne ya yi sanyi shi ya sa rufi ba zai motsa ba, ka ce a kawo wani batirin, kana jira.

Mai wata motar a gida, wanda ke da rumfar ajiya, zai ji daɗinta da maraice. Mai iyali da ɗan kasuwa mai ɗaukar kaya kuwa, gara ya kai kuɗinsa wani wuri.