Fuskar 'yan fim, ƙurajen 'yan kallo: Rigimar kwalliya a Samaru da Sabon Gari

ANA gobe bikin ƙawa, an ɗinko anko, an yi lalle, sai yarinya ta wayi gari ta tarar ƙuraje sun yi zaman dirshan a goshin ta. Daga nan hankali ya tashi. A Samaru, inda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello su ka yi yawa, da Sabon Gari, inda shagunan kayan kwalliya ke jere a kasuwa, burin 'yan mata da dama shi ne fuska sumul irin ta jarumar da su ka gani a 'Labarina' ko 'Daɗin Kowa'.

To amma fa ita ma jarumar mutum ce. Kafin kyamara ta hau kan ta sai mai kwalliya ta gama aikin ta, ga fitilu, ga gyaran hoto a kwamfuta. A zamanin kaset, lokacin su 'Sangaya' da 'Wasila', hoton ma bai da kaifin da zai tona asirin ƙurji. Yanzu kuwa filtar waya ke shafe shi. 'Yar kallo ce kawai ke fama da madubi, shi kuwa ba ya ƙarya.

Ƙurajen fuska ba ƙazanta ba ce. Ƙofofin fata ne ke toshewa da maiƙo da matacciyar fata, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Lokacin balaga su ka fi fitowa, da kuma gab da al'ada. Zafin Maris da Afrilu na ƙara maiƙo, man kitso mai nauyi kuma kan gangaro goshi ya haɗu da gumin bakin ɗankwali.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganin da ake nema. Maimakon asibiti, sai a nufi kanti a ce a ba da "mai kashe pimpus". Da yawan irin waɗannan mayukan, da na haɗi da ake durawa a roba babu suna, akwai sinadarin sitiroyid a ciki, kamar clobetasol ko betamethasone. A 'yan kwanakin farko jan ya kwanta, fuska ta yi haske, yarinya ta ce ta dace. Bayan wasu makonni sai fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, sababbin ƙuraje su feso iri ɗaya kamar an watsa gero. Ta daina shafawa fuska ta yi bore, ta ci gaba abin ya ƙaru. Kai, abin ba daɗi! Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan ƙara haske, a 2023 kuma shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Shin mai ƙuraje za ta haƙura da kwalliya ke nan? A'a. Sai dai a sassauta. Lafta fankeke hawa uku ba ya ɓoye ƙurji, ƙara fito da tudun sa ya ke yi, musamman da rana. Gara a zaɓi hoda ko fandeshin marar maiƙo, a ɗiga kaɗan a kan wurin, sauran ƙoƙarin a kai shi ga kwalli da jambaki, idon mutane ya koma can. Soson hoda da ke yawo hannu-hannu a ɗakin amarya ko a hostel, wannan kam a bar shi. Kowa ta riƙe nata, ta riƙa wankewa. Komai dare kuma, ko an dawo daga dina a gajiye, a wanke fuska kafin a kwanta.

Wanki da sabulu marar kaifi sau 2 a rana ya wadatar. Ruwan alwala ba ya cutarwa, dirza da soso ne ke fusata fata. Dilka ma a jira sai fuska ta lafa. Lemon tsami da man goge baki ƙona fata su ke yi. Matsa ƙurji kuwa shi ke barin baƙin tabon da kan yi watanni a fatar mu, rana ta ƙara masa duhu.

Magungunan da likitoci su ka sani, irin su benzoyl peroxide, su na ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji, saboda haka ba maganin "biki jibi" ba ne. Wadda ƙurajen ta ke da zurfi da zafi, ko ta daɗe kan man haɗi, ta nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ta tafi da robar man a jakar ta ya gani. Mai juna biyu kuma ta faɗa tun a bakin ƙofa, domin wasu magungunan ƙuraje na illata ɗan tayi.