Raunin Ƙwayar Halitta da Aikin Ƙoda: Nazari a Kan Binciken Benjamin Trump

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙwayar halitta take jin rauni har ta mutu, tare da nuna dangantakar hakan da tsayawar aikin ƙoda. Mun ɗora bayaninmu a kan binciken Benjamin Trump (1932–2008), masanin cututtuka ɗan Amurka, wanda ya zama shugaban sashen nazarin cututtuka na Jami'ar Maryland a 1970.

2.0 Aikin Ƙoda

Kowace ƙoda tana ɗauke da matatai kimanin miliyan 1. A kullum ƙodojin biyu sukan tace ruwa wajen lita 180 daga jini, amma abin da ke fita a fitsari bai cika wuce lita 2 ba. Ragowar kuwa, ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon siraran bututan ƙoda ne ke mayar da shi cikin jini. Wannan aiki yana cin ƙarfi ainun, don haka ƙwayoyin ba su jure ƙarancin iskar oksijin.

3.0 Matakan Rauni

Daga 1967, Trump da Ruth Bulger sun buga sakamakon gwaje-gwajensu a kan bututan ƙodar wani kifin teku. Sukan sa musu guba, sannan su bi sauye-sauyensu ta madubin ilektiron. Abin da wannan bincike da makamantansa suka tabbatar shi ne, mutuwar ƙwaya daki-daki take zuwa. Da farko makamashinta yakan ƙare, sai famfon da ke fitar da sodiyam ya tsaya, ruwa ya kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura. A wannan mataki, in jini ya dawo, takan farfaɗo. Amma in aka yi jinkiri, sai kalsiyam ya taru fiye da kima, mitokondiriya su lalace, fatar ƙwayar ta fashe. Daga nan bakin alƙalami ya bushe.

4.0 Kammalawa

Kamar yadda muka gani, tsakanin rauni da mutuwa akwai ɗan lokaci. Mai amai da gudawa, ko macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, ƙodarsu kan shiga wannan hali. In an hanzarta yi musu ƙarin ruwa ko jini, akan ceci ƙodar, domin bangon bututan yana iya sake tofowa. Saboda haka muna ganin ya wajaba malaman kimiyya su cusa wa ɗalibai cewa raguwar fitsari ga majinyaci alama ce ta a garzaya asibiti.